Fitowa ta Biyu da Ba Ta Iso Kibiya Ba

Ranar da Allah ya karɓi ran Kawu, ƙanin mahaifiyata, na isa Rano da hantsi na tarar tabarmi sun wuce ƙofar gidansa har sun kai gindin darbejiyar maƙwabta. Na zaci tsofaffin abokan aikinsa na Kano ne za su cika wurin, masu tabarau da jaka. Sun zo kam, su uku, aka ba su kujeru. Sauran jama'ar kuwa ban san ko rabinsu ba, kuma ni da nake taƙama da cewa na san Kawu ciki da waje, sai na koma ɗan kallo a makokin gidanmu.

Wani dattijo mai facin taya ya riƙe hannuna ya ƙi saki. Ya ce, "Malam, sau huɗu bawan Allahn nan ya zo wurina a kan maganar kwalbatin hanyarmu. Har bayan an gyara sai da ya dawo, wai ya ga ko ruwa na bi ta ciki."

Da na shiga cikin gida gaida Inna mahaifiyata, na samu wata tsohuwa daga Dawaki tana ba mata labari, tana share hawaye da bakin mayafi. Shekarun baya gobara ta cinye mata rumbu. Ta ce, "Ranar gobara kowa ya zo, har da waɗanda suka zo kallo. Shi kaɗai ne ya dawo da damina ta tsaya, ya zauna a ƙofa ya ce, Iya, me kuka ci a watannin nan?" Duk wanda ya buɗe baki a kwanakin nan uku, maganar ɗaya ce: Malam ya dawo. Abin ya cika ni da mamaki, ya kuma sa ni jin kunya, kuma dalilin kunyar ne ya sa na ɗauki alƙalami.

Kawu wakilin wata jaridar Hausa ne mai fitowa mako-mako. Shi ke aika mata labaran Rano da Kibiya fiye da shekara ashirin, har ranar da jaridar ta rufe. Mutum ne siriri, mai ƙaramar murya, kullum da guntun fensir a bayan kunne. Ba ka taɓa samun cikakkiyar amsa a wurinsa. In ka ce, "Kawu, da gaske ne abin da aka ce ya faru a kasuwa?" sai ya ce, "Abin da na sani zuwa yau shi ne kaza." Inna takan ce ko tambayarsa aka yi ko gishiri ya ji a miya, cewa zai yi, "Zuwa wannan lomar dai ya ji." Bayan jaridar ta rufe ma bai daina zagayensa ba. Zai hau babur ya tafi ƙauye don kawai ya ji yadda wata magana ta ƙare, alhali ba shi da inda zai buga ta.

Shekara biyu da suka wuce, 'yata da ke karatun aikin jarida a Kano ta raka ni gaishe shi. Da yake jika ce, ba sa haɗuwa ba su taɓa wasa ba.

Ta ce, "Kaka, an ba mu aiki mu bayyana ma'anar jerin rahotanni. Malaminmu ya ce dogon rahoto ne da ake rabawa kashi-kashi, a riƙa fitar da shi ɗaya bayan ɗaya."

Ya ce, "Amarya, malaminku bai yi ƙarya ba, amma ai haka mahauci ma yake yi wa rago. Wannan yanka ne. Ka rubuta abu ka gama, ka tsinka shi gida uku don a sake sayen jarida. Mu abin da muke ce wa bibiya daban ne. Ki ba da labari yau, mako mai zuwa ki koma ki ga abin da labarin ya zama, ki kuma ga abin da rubutunki ya yi wa mutane. Lokacin da kike rubuta fitowa ta ɗaya, ba ki san abin da zai shiga ta biyu ba. In kin riga kin sani, to ba bibiya kike yi ba."

Tana ta rubutawa da sauri. Sai ya daina dariya, ya ce, "Ƙara wannan, ki ja masa layi. Kada ki taɓa sa zargi a fitowa ta ɗaya ki ajiye amsa sai ta biyu. Ke kina ganin rahotonki gaba ɗaya. Mai karatu kuwa guntun da ya faɗo hannunsa kaɗai ya sani."

Ta ce, "A wane littafi zan ce na samo wannan?"

Ya dube ni, ya ce, "Tambayi babanki."

Ta tambaye ni a hanya, na ce mata wasa yake yi. Ba wasa ba ne. Ga amsar da na hana ta.

Shekara talatin ke nan ko kusa da haka. Lokacin ina sabon malamin firamare a garinmu Kibiya, da sabon keke da murya kamar ta mai shela, ina ji da kaina ƙwarai. Baba yana da lambu a fadama, kabeji da albasa. Bayan lambun akwai rugar wani makiyayi da muka taso muna kiransa Baffan ruga. A nan aka haife shi. Tun zamanin kakanmu shanunsu ke kwana a gonarmu bayan girbi mu samu taki, matarsa kuma ita ke kawo mana nono, har ta san wanda ke son mai tsami a gidanmu da wanda ba ya so.

Wata rana aka wayi gari an cinye kabejin, an tattake albasar kaf. Baba ya tsaya a bakin lambu yana ihu, jama'a suka taru, ya rantse shanun ruga ne. Ranar kasuwa ce, Kawu yana gari, kuma motar da ke kai masa ambulan Kano za ta tashi bayan azahar. Ya saurari Baba, ya leƙa lambun daga bakin shinge, ya zauna ya rubuta. Ya rufe da cewa a fitowa ta gaba za a ji ta bakin makiyayin. A ganinsa ya yi adalci, tunda ya ajiye wa mutumin gurbi.

Jaridar ba ta da yawa a Kibiya, 'yan ƙwayoyi ne ke zuwa, kuma masu karatun boko ba su da yawa a lokacin. Mutum ɗaya ke karantawa, majalisa ta saurara. A teburin mai shayi ni na karanta, sau uku, ina ɗaga murya inda ya kamata, ina jan numfashi inda zai fi yin zafi. Wallahi na ji daɗin karatun nan. Layin ƙarshe ma na karanta shi, sai dai kafin in kai can surutu ya kaure, babu wanda ya ji.

Kafin mako ya zagayo gari ya juya wa ruga baya. Matar Baffa ta shigo da ƙwaryar nono ta zagaya gida-gida, ta koma da abinta a cike. Samari suka datse hanyar da shanu ke bi zuwa ruwa. An ce ai har jarida ta buga, kuma a wurin mutanenmu abin da aka buga ya gama tabbata. 'Ya'yan Baffa suka ce su dai a tashi, zama ya ƙare a wurin da aka haifi ubansu.

Duk wannan Kawu bai sani ba, yana Rano. Da ya zo ɗaukar ta bakin Baffa ya tarar ana ɗaure kaya. Baffa bai yi masa faɗa ba. Sandarsa kawai ya ɗauka, ya ce ya biyo shi. Ya kai shi tsakiyar lambun, inda laka ta bushe da sawu a jiki.

Ya ce, "Malam, ƙirga. Sawun dabba nawa ne?"

Kawu ya duba, ya ce, "Kamar biyu."

"Biyu ne, manya. To wannan layin da ya ja a ƙasa tsakanin sawun fa?"

"Kamar an ja igiya."

Baffa ya ce, "Shanun kiwo ba sa jan igiya, Malam. Na turke ne ke ja."

Kawu ya karyo kara ya auna sawun. Ya roƙi Baffa ya ba shi kasuwa biyu kafin ya tashi. Daga nan bai tsaya ko'ina ba sai bayan gidanmu, inda Baba ke ɗaure shanun huɗarsa guda biyu. Ya durƙusa yana gwada karan a sawunsu, sai ga Baba. Ku sani, tsakaninsu wasa ne mai ƙarfi, irin na mutum da ƙanin matarsa. Ba sa gaisawa ba tare da an tsokani juna ba.

Baba ya ce, "Ɗan jarida, mutane sun ƙare ne yau ka koma yi wa shanu tambayoyi?"

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce, "Yaya, igiyar nan sabuwa ce. Ina tsohuwar?"

Ina tsaye a wurin. Na ga fuskar Baba ta canza. Ya ce, "A gidana? Kai da nake ganin ƙanina ne? To ka ji, in ka rubuta wannan shirmen, kada ka sake taka zauren nan."

Kawu ya miƙe ya kaɗe gwiwarsa, ya ce, "Na riga na yi wa mutum alkawari a gaban jama'a, Yaya." Ya tafi ya rubuta.

Sai kuma abin da babu wanda ya yi tsammani. Makon da fitowa ta biyu ta fito, motar da ke kawo jarida ta lalace a hanya. Aka sauke ƙunshin a wata tasha, ya kwana biyu a can, daga baya muka ji masu ƙosai sun samu takardar naɗi. Ko ƙwaya ɗaya ba ta iso Kibiya ba. A Kano an wanke Baffa tas, a garin da yake zaune kuwa yana nan a matsayin mai ɓarna.

Wani zai ce ya sauke nauyinsa, laifin mota ne. Kawu ya hau mota ya tafi Kano ya samo ƙwaya biyu. Da ya dawo ya fara wani aiki da ban taɓa jin wani ɗan jarida ya yi ba. Ya shiga bin sawun fitowa ta ɗaya kamar mai neman ɓatacciyar akuya. Duk inda ya je tambayarsa ɗaya: "Wa ya karanta muku? A ina kuka zauna? Daga nan hannun wa ta koma?" Ya gano ta bi ta wurin mai shayi, ta je shagon tela, ta kwana a rumfar mahauta, ta zagaya zaurukan unguwa biyu. Ya ce duk wurin da aka karanta zargin, a nan za a karanta amsar.

Ni ya fara nema. Ya same ni a teburin mai shayi, ya miƙo mini jaridar a gaban kowa.

Ya ce, "Malam ƙarami, kai ka karanta musu ta farko, muryarka suka sani. Ga cikon."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Haba Kawu! Ubana kake so in tozarta da bakina?"

Ya ce, "Ban ce ka tozarta kowa ba. Karatu na ce."

Ban ko taɓa takardar ba. Na ture kofin shayina, na hau kekena na bar wurin kafin ya buɗe baki. Shi ya karanta da 'yar muryar nan tasa, ana ta cewa ya ƙara ɗagawa. Kusan mako biyu ya yi yana wannan zagayen. A gidajen da mata suka ji labarin daga bakin mazajensu, sai ya nemi izini ya tsaya a zaure ya karanta da iyakar ƙarfinsa don na ciki su ji. Muryarsa ta dushe har sai da ya koma shan citta da zuma.

Kuma ya ci nasara, amma ba duka ba. Aka buɗe hanyar ruwa, ƙwaryar nono ta koma dawowa ba komai a ciki, Baffa ya kwance kayansa. Sai dai babban ɗansa bai jira kasuwa biyun ba. Ya kora rabin garken ya yi kudu, ya ce ba zai zauna inda aka kira ubansa azzalumi ba, kuma mai lambun bai janye maganarsa ba. Bai sake dawowa da zama ba. Wannan abu ya tsaya wa Kawu a rai har ƙarshen rayuwarsa. Yakan ce, "Mako ɗaya ne tsakanin fitowa biyu, amma ya isa ya raba mutum da ɗansa." Duk shekara sai ya je ruga ya tambayi labarin yaron.

Wuri ɗaya ne bai samu shiga ba, zauren Baba. Ya zo, Baba ya sa aka rufe ƙyaure. An ce mini ya tsaya a waje cikin rana ya karanta wa rufaffiyar ƙofa tun daga farko har ƙarshe, sannan ya tafi. Daga ranar wasa ya mutu tsakaninsu. Sukan haɗu a ɗaurin aure ko jana'iza, a yi "sannu" a yi "yauwa", shi ke nan. Inna ta sha kuka a ɓoye, ga miji ga ƙani. Ni kuwa na shirya da Kawu a hankali, irin shirin da ba a tada tsohuwar magana. Bai taɓa goranta mini ba. Da matata ta yi doguwar jinya shi ya fi kowa zarya, bayan ta warke ma ya ci gaba da zuwa dubiya har muka fara yi masa dariya. Amma fitowa ta biyun nan ban taɓa karanta ta ba, ban kuma taɓa neman ganinta ba. Na yanke a raina cewa na san abin da ke ciki.

Bayan sadakar uku muka dawo da Inna Kibiya, mutanen gari suka ci gaba da zuwa yi mata gaisuwa. A rana ta biyar da la'asar ina zaune a zaure tare da Baba, wanda yanzu ganinsa ya yi rauni sosai, sai na ga wani tsoho ya dogaro sanda ya tsaya a bakin ƙofa. Baffan ruga ne. Rabonsa da ƙofar nan shekara talatin. Ya yi sallama, ya ce a isar masa da gaisuwa wurin Inna, shi daga nan zai juya.

Baba ya ɗaga kai, ya ce, "Muryar wa nake ji?"

Na gaya masa. Can ya ce, "Ka ce ya shigo. Shimfiɗa masa buzu."

Baffa ya shigo ya zauna, aka yi addu'a. Sai ya sa hannu a aljihu ya ciro wani abu naɗe a leda, ledar ma cikin wani tsumma. Ya ce, "Na kawo ne in nuna wa Hajiya abin da ƙaninta ya bar mini. Ni ban iya karatun boko ba, amma duk inda za ni tana jikina." Jaridar ce, ta yi ja, ta kakkarye a wurin naɗi.

Baba ya ce, "Miƙa wa malamin nan. Ai shi ne mai murya."

Babu keken da zan hau wannan karon. Na karɓa, na fara karantawa. Ga abin da Kawu ya rubuta a farkonta:

"Makon jiya mun kawo zargi ba mu kawo amsa ba. Wannan laifin mai rubutun nan ne, ba na mai lambu ba. Wanda aka yi wa ɓarna yana da uzurin zafin rai, ɗan jarida ba shi da shi. Na koma lambun. Sawun da ke ciki na shanun huɗa ne guda biyu na cikin gari, waɗanda suka tsinke igiya. Makiyayin ba shi da hannu ko kaɗan. Ina roƙonsa gafara, ina kuma roƙon duk wanda ya ji na farko ya isar da wannan."

Na karanta har ƙasa. Na koma sama na bi layi-layi da yatsa, ina neman inda ya ce shanun Baba ne. Babu. Ko alama bai yi ba. Ya wanke wanda aka zalunta, ya ɗora laifin a kansa, ya bar mijin yayarsa da mutuncinsa. Abin da na guje wa shekara talatin ke nan, na kuma bar shi yana yawo shi kaɗai har muryarsa ta dushe. Ban san lokacin da hawaye suka zubo mini a kan takardar mutane ba. Na yi zaton na san girman Kawu, ashe gefensa kawai na gani.

Baba ya ce, "Na ji wannan. Ranar da ya tsaya a waje, ina bayan ƙyauren nan. Na kasa kunne in ji sunana, har ya gama bai faɗa ba. Da ya faɗa da na samu abin riƙewa." Ya juya wajen da yake jin numfashin Baffa. "Shanuna ne. Sai da na gama ihu da rantsuwa a gaban jama'a na dawo gida na ga laka a ƙafafunsu, igiya a tsinke. Tun ranar na sani. Kunya ce ta hana ni, na bar ka da ita. Ka yafe mini don Allah."

Baffa ya daɗe yana murza sandarsa. Ya ce, "Na sani, Alhaji. Malam ma ya sani. Na taɓa ce masa ya faɗi mai shanun mana, ya ce wannan ba nasa ba ne, mai shi ne zai faɗa, in yi haƙuri. Na yafe, duniya da lahira." Sai ya ƙara da cewa, "Yaron nan ne dai. Har yau in na ce ya zo gida, sai ya ce mai lambu ya janye?"

Daga cikin gida na ji Inna ta fashe da kuka, ashe tana bakin ƙofa tun ɗazu. Ya Allah, ka jiƙan Kawu, ka haskaka kabarinsa, ka rufa masa asiri a can kamar yadda ya rufa wa wasu a nan.

Baba ya lalubo hularsa ya gyara mata zama. Ya ce da Baffa, "Yaron naka yana da waya?"

Baffa ya ce yana da ita, lambar tana rubuce a bayan tsumman.

Baba ya miƙo hannu wajena. Ya ce, "Kira shi. Ni zan gaya masa da bakina."